Darasi na 9: Zaɓen Unguwa a Zariya, Garin da Ya Wuce Ganuwarsa

Wanda ya ce zai koma Zariya da zama bai gama magana ba tukuna, sai ya faɗi wace Zariyar yake nufi. Akwai birni na cikin ganuwa, inda fadar Sarkin Zazzau da tsohon masallacin Juma'a suke. Daga fita Ƙofar Doka ga Tudun Wada, ga Gyallesu da Kongo. A haye kogin Kubanni a shiga Sabon Gari, a miƙa hanyar Sakkwato a wuce Kwangila da Hanwa da Palladan kafin a kai Samaru, a ƙara gaba a iske Shika, wadda ma a ƙaramar hukumar Giwa take. Ta wajen hanyar Kaduna kuma ga Wusasa da Ɗan Magaji da Gwargwaje. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Zariya tana da mutum sama da 400,000, ta Sabon Gari kuma kusan 290,000, kuma tun daga lokacin jama'a ba su daina kwararowa ba: ɗalibai, ma'aikata, 'yan ci-rani, da iyalan da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu a yankunan Giwa da Birnin Gwari. Abin da wannan darasi zai tsaya a kai guda ne. A gari mai faɗi irin wannan, abubuwa biyu ne ke karya sabon zuwa, nisa da rashin wanda ya san shi, kuma biyun tare suke tafiya. Saboda haka zaɓen unguwa ya fi zaɓen ɗaki nauyi, kuma tsarin da unguwannin cikin birni suka ginu a kansa shi ne ma'aunin da ya dace a auna kowace unguwa da shi, tsohuwa ko sabuwa.

Mu fara da yadda birnin ya zauna tun asali. Ganuwar Zazzau ta ƙasa ce, kewayenta ya kai kimanin kilomita 14, kuma ana shiga ta ƙofofi irin su Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Kona, Ƙofar Bai da Ƙofar Kibo. Waɗanda suka gina ta ba iya gidaje suka kewaye ba, sun haɗa da gonaki da fadamu da wurin kiwo, domin idan yaƙi ya tsare mutane a ciki su sami abin ci, idan jama'a ta ƙaru kuma a sami inda za a yanka mata fili. Matafiyin nan ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, da ya ratsa Zariya a 1826, ya ga filaye da gonaki a cikin ganuwa, ya kuma ƙiyasta mutanen garin tsakanin 40,000 da 50,000. Wannan babban gari ne ƙwarai a wancan zamani, amma duk abin da mutum yake buƙata a cikinsa da ƙafa ake zuwa. Kowace unguwa, ko Unguwar Juma ce, ko Limancin Kona, ko Kwarbai, ko Kaura, tana da masallacinta da rijiyoyinta da makarantun allo da zaurukan malamai, tana da mai unguwa da ke ɗaukar maganarta zuwa sama. Sana'a ma a gida take: mai ɗinkin babbar riga yana zaune a zaurensa ko gindin inuwa da allurarsa, matan gida suna surfani da ƙananan sana'o'i a ciki, yara suna kai talla lungu biyu ko uku su dawo. Baƙo kuwa ba ya shigowa ya ɓace. Bafatake yana sauka wurin mai masaukinsa, wanda zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya kuma tsaya masa idan magana ta taso. Almajiri yana sauka hannun malami. Ko ta wace hanya mutum ya zo, akwai wanda za a tambaya a kansa.

Bazuwar garin ba daga cikar ganuwa ta faro ba, daga shawarar masu mulki ta faro, kuma sanin wannan zai taimaka wa mai neman wurin zama. Turawa sun kafa ikonsu a Zariya a 1902. Da layin dogo ya iso wajen 1911, sai aka ajiye tasha da kantuna da ma'aikatar gurzar auduga can nesa da birni, aka yanka Sabon Gari domin ma'aikatan jirgi da 'yan kasuwa da suka zo daga Kudu, aka ware Tudun Wada domin 'yan Arewa waɗanda ba 'yan gari ba, Turawa kuma suka keɓe tasu unguwar suka bar fili fetal tsakaninsu da kowa. Mishan ta bar cikin birni ta koma Wusasa a 1929. Cibiyar binciken aikin gona ta zauna a Samaru tun 1922, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe a can a 1962, kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta biyo baya a 1964, daga bisani babban asibitin koyarwa ya tashi daga Tudun Wada ya koma Shika. Kowace hukuma ta nemi inda fili yake da yalwa ta kafa kanta, ta ja ma'aikatanta da masu yi musu hidima. Filayen da suka rage a tsakani su ne aka yi ta yankawa fuloti-fuloti, da yawa da awon igiya, ba titi, ba magudanar ruwa, ba wurin makaranta. Sakamakon shi ne mutum ya kwana a gabas, ya yi aiki a yamma, asibitinsa yana arewa, danginsa suna kudu.

Nisa kuɗi ne, kuma kuɗin da ba a ganinsa ranar biyan haya. Dillali zai nuna wa sabon zuwa ɗaki mai fili a ƙarshen gari, ya faɗi kuɗin shekara, mutum ya ji daɗi ya biya nan take. Kuɗin mota kuwa kullum yake fita kaɗan-kaɗan, shi ya sa ba a tara shi a lissafa. Mu ɗauki misali domin koyon lissafin, kowa ya sa farashin da ya sani a madadin waɗannan. A ce ɗaki kusa da wurin aiki naira 150,000 ne a shekara, na nesa kuma naira 80,000. Mai zaɓen na nesa ya rage naira 70,000. Idan zuwa da dawowa a Keke Napep ko acaɓa yana cin naira 600 a rana, kwana 26 a wata, wata 12, ya kashe naira 187,200. Ragin da ya samu ya tafi, ya kuma ɗora naira 117,200 daga aljihunsa, ba a ma sa kuɗin kai yara makaranta da zuwan uwargida awo ko gaishe da iyaye ba. Hausawa sun ce araha ba ta ado. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki ta kuma ci gaba da hawa, wannan lissafi ya ƙara tsanani. Ma'aikatan Abuja da ke kwana a Nyanya da Mararaba sun daɗe da sanin haka. Akwai kuma abin da ba ya shiga lissafin naira: magidancin da ke fita bayan Asuba ya dawo bayan Isha'i bai ga karatun yaransa ba, kuma naƙudar da ta tashi da tsakar dare a unguwar da mota ba ta shiga da damina tana iya zama sanadin rai.

Abu na biyu, rashin sanayya, ya fi wuyar aunawa, amma ya fi nisa ciwo. A ƙasarmu yawancin abin da talaka ke rayuwa da shi ta hannun sanayya yake zuwa. Mai shago yana ba da bashin gari da sukari ga wanda ya sani. Mai gareji ko tela ba ya karɓar yaro koyon aiki sai wani ya kawo shi. Mai Keke ba ya ba da kekensa ga direba sai da wanda zai tsaya masa. Adashi ba a sa baƙuwar fuska. Idan neman aure ya taso, dangin yarinya unguwa suke zuwa bincike, su tambayi liman da maƙwabta. Takardu da dama da hukuma ke nema daga hannun mai unguwa ko dagaci suke farawa. Ranar rasuwa kuma, masu wanka da masu haƙa da masu ɗauka maƙwabta ne. Wanda ya shekara uku a wuri yana fita da duhu yana dawowa da duhu, ba a san sunansa a masallaci ko coci ba, bai taɓa zuwa suna ko jana'izar kowa ba, duk waɗannan ƙofofi a rufe suke gare shi, ko da kuwa mutumin kirki ne. A nan ne nisa da rashin sanayya suke haɗuwa, domin lokacin da ya kamata ya zauna da mutane a dakali bayan La'asar shi ne lokacin da yake kan hanya. Tsaro ma haka yake. Harin da aka kai Kwalejin Fasaha ta Nuhu Bamalli a watan Yunin 2021 ya nuna cewa gefen gari ya fi zama a buɗe, kuma 'yan sintirin unguwa ba sa iya gane baƙon ido a wurin da kowa baƙo ne.

Mai karatu zai iya cewa duk wannan yabon birni ba shi da amfani ga baƙo, tun da mutanen cikin ganuwa ba sa karɓar wanda ba nasu ba. A cikin wannan magana akwai gaskiya, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Gidajen birni yawancinsu na gado ne, ba kasafai suke fita kasuwa ba. Rayuwar ciki ta Musulunci ce tun daga tushe, wanda ba Musulmi ba zai fi sakewa a Sabon Gari ko Wusasa ko Samaru. Rabon da Turawa suka yi tsakanin ɗan gari da baƙo ya bar tabo, kuma batun takardar shaidar asali yana sabunta shi har yau. Amma tarihin Zazzau bai goyi bayan cewa garin rufaffe ne ba. Gidajen sarauta huɗu da ke riƙe da gadon Zazzau tun bayan jihadi, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, zuriyar malamai ne da suka zo daga wasu wurare suka zauna. Clapperton ya rubuta cewa ya tarar da mutane da yawa a garin waɗanda asalinsu Futa Toro ne da Bundu, can ƙasar Senegal ta yau. Abubakar Imam, wanda ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, haifaffen Kagara ne. Hajiya Gambo Sawaba mahaifinta daga Gana ya zo aikin jirgin ƙasa, mahaifiyarta Banufiya ce, yau kuma sunanta ne a kan babban asibitin Ƙofar Gayan. Garin ya saba mayar da baƙo ɗan gida, sai dai yana yin haka ne ta hanyar malami, ko maigida, ko surukuta, ko sana'a, kuma a hankali. Darasin nan ma bai ce kowa ya tattara ya shiga ganuwa ba, ba za ta ɗauke su ba. Cewa ya yi a nemi unguwar da ke da abin da birni ke da shi.

Wani kuma zai ce ai 'ya'yan birnin da kansu fita suke yi, suna gini a bayan Ƙofar Gayan da Tukur-Tukur da hanyar Jos, to me zai sa a ɗauki wurin da masu shi ke bari a matsayin abin koyi? Dalilan fitarsu sanannu ne kuma masu ƙarfi. Gidan da kaka ya gina domin iyali ɗaya yanzu magada goma ne a ciki. Lunguna da yawa mota ba ta shiga, balle motar kashe gobara. Gonakin cikin ganuwa sun zama gidaje, kududdufan da a da suke shanye ruwan sama an cike da yawa an yi gini a kai, ruwa ya rasa hanya sai cikin gidajen mutane. Inda rijiya ke kusa da masai, amai da gudawa ba ya nisa. Ƙarancin ruwan famfo tsohon ciwo ne a Zariya, kuma 'yan ga-ruwa da burtsatse ne ke riƙe da gidaje masu yawa. Ganuwar kanta an haƙe ta an yi gini a wurare da dama. Ruftawar wani sashe na masallacin Juma'a a watan Agustan 2023, ginin Babban Gwani Muhammadu Durugu na zamanin Sarki Abdulkarim, wadda ta ci rayukan masallata, ta tuna wa kowa cewa tsohon gini yana son kulawa. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai a lura da abin da masu fitar suke yi: sun bar ɗaki, ba su bar unguwa ba. A birni suke ɗaurin aure da suna, can suke kai gawa, can suke komawa karatu wurin malamansu. Cunkoso da rashin magudana suka gudar wa, kuma waɗannan ayyuka ne na hukuma da jama'a da aka yi sakaci da su. Sabuwar unguwar awon igiya tana da waɗannan matsaloli su ma, ga kuma nisa a kai.

Akwai ƙorafi na uku da matasa suka fi yi, kuma ya cancanci a saurare shi da kyau. Da yawa sun baro ƙauye ne domin su huta da sa ido. Inda kowa ya san kowa, kowa yana da ta cewa a kan tufafinka da baƙinka da lokacin dawowarka, kuma nauyin wannan ya fi sauka a kan mata, musamman bazawara ko ma'aikaciyar da ke zaune ita kaɗai. Gulma tana iya hana mutum aure ko haya. Ba daidai ba ne a yi kamar sanayya alheri ce zalla. Amma wanda ya zaɓi zaman da ba mai tambayarsa ya san cewa ya zaɓi zaman da ba mai cigiyarsa. Mai albashi mai kauri yana iya sayen abin da maƙwabta ke bayarwa: ya ɗauki maigadi, ya haƙa burtsatse, ya ajiye mota domin dare. Lebura da mai wankau da mai sayar da ƙosai ba su da wannan hali, jama'a ce jarinsu. Kuma sanayyar da ake buƙata ba ta kai a buɗe wa kowa cikin gida ba. Ta isa a ce mai unguwa ya san da zuwanka, liman ko fasto ya san fuskarka, gidaje uku na dama da hagu sun san sunan yaranka, kana ba da naka idan an tashi gyaran kwata ko kuɗin sintiri. Wayar hannu tana sada mutum da danginsa na nesa, tana kawo kuɗi daga Legas cikin minti ɗaya, amma ba ta ɗaukar mara lafiya zuwa bakin titi.

Ƙorafin da ya fi duka ƙarfi shi ne na mallaka. Mai ƙaramin ƙarfi ba zai taɓa sayen fili a Tudun Wada ko tsakiyar Sabon Gari ba. Idan yana son ya bar wa 'ya'yansa gida, dole ya tafi inda gari bai gama isa ba, ya haƙura da nisa na wasu shekaru. Wannan hujja ce mai kyau, kuma tarihin garin yana tare da ita, domin Tudun Wada da Samaru su ma a da bayan gari ne. Abin da ya mayar da su gari shi ne kasuwa da makaranta da masallatai da shugabanci da suka kafu a cikinsu, har mutum ya iya wuni bai hau mota ba. Saboda haka mai sayen fuloti a gefen gari yana da aiki biyu a gabansa. Na farko ya tabbatar da filin. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, kuma a Jihar Kaduna hukumar KADGIS ce ke riƙe da rajistar filaye, KASUPDA kuma ke ba da izinin gini. Takardar cinikin da aka rubuta a gaban shaidu da mai unguwa tana da amfani, amma ba ta hana rusau idan filin na makaranta ne ko na wata hukuma, kuma an sha yin rusau a Zariya a kan irin wannan. A duba kuma ko filin hanyar ruwa ne, a je a gan shi a watan Agusta, ba da rani kaɗai ba. Aiki na biyu shi ne ya haɗa kai da waɗanda suka riga shi da waɗanda za su biyo shi tun gidaje ba su yi yawa ba, su hana a cinye hanya, su ware wurin makaranta da maƙabarta da 'yar kasuwa, su nemi dagaci ya naɗa musu mai unguwa. Filin da ba a ware ba a shekarar farko, a shekara ta goma sai an rushe gidan wani kafin a same shi.

Kafin zama na gaba, kowane ɗalibi ya ɗauki takarda ya rubuta sunan unguwarsu a tsakiya, ya jera wuraren da shi da iyalinsa suke zuwa a mako: wurin aiki, kasuwa, makarantar yara, inda ake ɗebo ruwa, asibiti mafi kusa da ke karɓar haihuwa da dare. A gaban kowanne ya sa kuɗin zuwa da dawowa da mintocin da tafiyar ke ci, ya tara na wata, ya ninka sau 12, ya ajiye jimlar kusa da kuɗin hayarsa na shekara. A bayan takardar kuma ya ƙirga mutanen unguwar da zai iya buga wa ƙofa da ƙarfe biyu na dare, ya rubuta adadinsu kawai ba sunayensu ba. Da waɗannan takardu za a buɗe darasi na gaba, wanda zai yi magana a kan yarjejeniyar haya da abin da ya kamata a rubuta a cikinta kafin a miƙa wa dillali ko sisi.